Taya ko Tafin Ƙafa: Rigimar Keke a Tsaunukan Tafkin Tahoe

A gabashin Tafkin Tahoe, can kan iyakar jihohin Kaliforniya da Nevada a Amurka, akwai wata siririyar turba da ake kira Flume. Tsawonta kusan kilomita bakwai ne, a jikin tsauni take, kusan mita 500 sama da ruwan. A wasu wuraren faɗinta bai wuce mutum ya ware hannuwansa ba: dutse a gefe guda, gangare mai sa jiri a ɗaya gefen, can ƙasa kuma ruwa shuɗi shar. Asalinta gurbin wata magudanar katako ce da aka gina a shekarun 1870 don kai ruwan ƙaramin Tafkin Marlette zuwa garin Virginia City, inda haƙar azurfar Comstock ke cin ruwa da itace kamar ba gobe. Da aka daina amfani da magudanar sai daji ya cinye wurin, har zuwa 1983 da wani gwanin tseren keke mai suna Max Jones ya share ta. Yau tana cikin turbobin keken tsauni da suka fi suna a Amurka, kuma da zarar dusar ƙanƙara ta narke sai ka ga mahaya jere a kanta kamar masu zuwa kasuwa.

Shi kansa tafkin ba ƙaramin abu ba ne. Fuskar ruwansa tana mita 1,897 sama da teku, tsayin da ke sa baƙo haki tun bai fara hawa ba. Zurfinsa mita 501, wato shi ne na biyu a zurfi a duk Amurka. Ƙoramu 63 ne ke zuba a cikinsa, kogi ɗaya tak, Truckee, ke fita da ruwan. Saboda haka abin da ya faɗa ciki yakan daɗe bai fita ba. Masana sun ƙiyasta cewa ruwan kan yi sama da shekara 600 kafin ya sauya. Wannan ne ya sa duk abin da ake yi a tsaunukan da suka kewaye shi, daga gina otal har zuwa tuƙa keke, sai an ja daga a kai.

Masu adawa da keke a waɗannan tsaunuka sukan fara da zaizayar ƙasa, kuma hujjar tana da saurin shiga kunne. Ƙasar gabashi da kudancin tafkin rugujajjen dutse ce, garas-garas, ba ta da danƙo. Mahayi ya gangaro da gudu, ya danne birkin baya a bakin kwana, tayar ta daina juyawa ta ja ƙasa, ta bar zane. Na bayansa ya bi sahu. Kafin bazara ta ƙare zanen ya zama kwari, gaban kowace kwana kuma ya yi tudu-tudu saboda yawan taka birki. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya sami hanya, ya kwashi ƙasar ya yi ƙasa da ita. Ƙasan kuwa tafki ne, wanda darajarsa duka tana cikin garai-garai ɗin ruwansa.

Wannan garai-garai ɗin ana auna shi, ba da ka ake faɗa ba. Tun 1968 masu bincike na Jami'ar Kaliforniya da ke Davis ke shiga jirgin ruwa su zura wani farin faifai ɗaure da igiya, su riƙa sassauta igiyar a hankali har faifan ya ɓace wa ido, sai su rubuta zurfin. A shekarar farko sai da ya kai kusan mita 31 kafin ya ɓace. A 'yan shekarun nan yakan ɓace tsakanin mita 18 da 22. An yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku ke nan, a cikin rayuwar mutum guda.

To amma wa ya jawo? A nan ne hujjar masu adawa ke yin rauni, kuma 'yan keke sun san haka sarai. Babban binciken da jihohin biyu suka yi kan gurɓacewar tafkin, wanda hukumar kare muhalli ta tarayya ta amince da shi a 2011, ya gano cewa abin da ya fi dusashe ruwan shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙura da ba sa nutsewa da wuri, kuma kimanin kashi 72 cikin ɗari nasu daga garuruwa suke fitowa: kwalta, wuraren ajiye motoci, yashin da ake watsa wa tituna lokacin ƙanƙara don kada motoci su zame, wanda tayoyi ke niƙewa ya zama gari. Dukan dajin da ke kewaye, da turbobinsa da komai, bai kai kashi goma ba. Don haka duk wanda ya tuƙo motarsa daga San Francisco ya zo yana nuna ɗan keke da yatsa a kan dattin tafki, ya bar jaki ne yana dukan taiki. Sai dai shi ma ɗan keken kada ya yi saurin murna, domin yawanci a bayan mota ya ɗauro keken nasa, wasu ma motar haya ke kai su bakin turbar ta ɗauko su a ƙarshenta.

Game da turbar kanta ma, binciken da aka yi bai goyi bayan masu cewa taya ta fi ƙafa ɓarna ba. A 1994 Wilson da Seney sun gwada a wani daji na jihar Montana, suka bi da dawakai da masu tafiya a ƙafa da kekuna da babura ta kan turbobi, sannan suka zuba ruwa kamar na sama suka auna ƙasar da ta wanke. Kofaton doki ne ya fi tayar da ƙasa; bambancin keke da ƙafa bai taka kara ya karya ba. Wani gwajin da aka yi a Kanada a 2001 kan tattake ciyayi ya zo da sakamako makamancin wannan. Abin da ya fi tasiri shi ne yadda aka zana turbar tun farko. Wadda ta miƙe sambal daga sama zuwa ƙasa, ko waliyyai ne ke bin ta ba takalmi, magudanar ruwa za ta zama. Wadda ke bin gefen tsauni a karkace, tana ɗan hawa tana ɗan sauka don ruwa ya sami mafita kowane 'yan taku, takan jure tayoyi dubbai. Masu gina turbar keke ma suna da ƙa'ida: kada gangaren turba ya wuce rabin gangaren tsaunin da take ratsawa.

A nan ne 'yan keke ke da hujjar da na fi ganin ƙarfinta, wato gumin da suke zubarwa. Hukumar Gandun Daji ta Amurka ce ke riƙe da sama da kashi 75 cikin ɗari na ƙasar da ta kewaye tafkin, kuma ba ta da isassun hannuwa na gyaran turbobi. Ƙungiyar mahayan yankin, TAMBA, wadda aka kafa a 1988, ita ke tara mutane aikin gayya da diga da shebur, su buɗe hanyoyin ruwa, su jera duwatsu inda ƙasa ke zamewa, su yanke itatuwan da iska ta kayar. Gobarar Caldor ta 2021, wadda ta tsallake tsaunin ta sa aka kwashe mutanen garin South Lake Tahoe, ta ƙone wani ɓangare na turbobin kudu, kuma da hannun 'yan keke a sake gina su. Mai tafiya a ƙafa da ke jin haushinsu, sau da yawa a kan turbar da suka gyara yake tafe.

Masu adawa suna da amsa. Ba kowane mahayi ne ɗan ƙungiya ba. Akwai masu shiga daji a ɓoye su sassaƙa tasu turbar, miƙaƙƙiya mai tsalle-tsalle, ba ruwansu da inda ƙorama take ko inda tsuntsu ya yi sheƙa. Akwai masu hawa turba tana jiƙe sharkaf bayan narkewar ƙanƙara, su bar ramin da zai bushe a haka. Idan hukuma daga baya ta halatta irin wannan turba don ta samu ta gyara ta, ai ta koya wa na baya cewa a fara yin laifi, lasisi zai biyo. 'Yan keke su ce akasin haka ne: inda aka hana mutane hanya ta halal ne suke yin ta haram. Wanda ya san abin da ke faruwa idan aka noma burtali ba zai yi musun wannan ba; shanun ba sa fasa tafiya, gonar wani suke bi. Ina ganin kowane ɓangare na da rabin gaskiya a nan, kuma hukumar tana yin abin da ya fi sauƙin karewa: ta rufe mafi muni, ta gyara masu gyaruwa.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan ka saurari masu tafiya a ƙafa da kyau, maganar zaizaya riga ce kawai da suke sa wa ainihin kukansu, domin ita ce ake saurara a zauren hukuma. Ainihin kukan gudu ne. Mai tafiya a ƙafa yana cin kilomita huɗu ko biyar a awa. Mai gangarowa a keke yana iya ninka wannan sau biyar ko fiye. Ka ɗauki dattijuwa da sandarta da jikanta a gaba, sun zo wata kwana da dutse ya kare musu gani. Sai ƙarar sarƙa, sai ƙura, sai mutum cikin hular kwano da tabarau yana kiran a kauce ta hagu. Ko bai taɓa kowa ba, ko ya ce sannu, daga nan har su koma mota kunnen dattijuwar yana baya. Shirun da ta zo nema ya tafi. A ƙa'ida keke ne ke ba mai ƙafa da mai doki hanya, mai gangarowa kuma ya ba mai hawa. A aikace kuwa mai ƙafa ne ke tsallakewa gefe, don shi ne ke da abin tsoro. Manhajar Strava, da ke jera sunayen waɗanda suka fi saurin gama kowane yanki na turba, ta ƙara zuba wa wutar fetur: wanda ke neman karya tarihin wani ba ya son taka birki saboda kaka.

Irin wannan asarar ba ta hawa ma'auni. Ba jini, ba rahoton haɗari, mutum kawai ya daina zuwa. 'Yan keke na da gaskiya idan suka ce karo tsakaninsu da masu ƙafa ba kasafai yake faruwa ba. Amma turbar da tsofaffi da masu yara suka ƙaurace wa ita ma ba za a ga karo a kanta ba.

A turbar Tahoe Rim, wadda ta zagaye tafkin ta kan tsaunuka tsawon kimanin kilomita 265 kuma aka kammala ta a 2001, an gwada wata dabara mai sauƙi. A yankin da ya tashi daga Tahoe Meadows zuwa Tunnel Creek, an nemi 'yan keke su hau a ranakun wata masu lamba cika kawai, 2 da 4 da 6 har ƙarshen wata, sauran ranakun kuma a bar wa masu ƙafa. Ba ɗan sanda a bakin hanya, kunya da mutunci ne ke tsaron dokar, kuma ba kowa ke da su ba. Duk da haka ban ga wata mafita da ta fi ta adalci ba, domin ta yarda cewa ɓangarorin biyu ba abu ɗaya suke nema a dajin ba, maimakon a yi ta wa'azin a zauna lafiya.

Maganar namun daji ta fi rikitarwa. Wani bincike na 2003 a tsibirin Antelope na jihar Utah ya gano cewa ɓauna da bareyi suna gudun mai keke da mai ƙafa kusan daidai wa daida. Wani kuma da aka yi a dajin gwaji na Starkey a Oregon ya nuna cewa babbar barewar nan mai rassan ƙaho da suke kira elk ta fi firgita da keke fiye da mai ƙafa ko doki. Kowane ɓangare yana ɗaga wanda ya yi masa daɗi. Abin da ba mai musu a kai shi ne nisa. Mai ƙafa yakan yi kilomita goma ko sha biyar ya juyo, mai keke ya yi arba'in kafin la'asar. Ko da firgitar da kowannensu ke jawowa ɗaya ce, mai keken ya raba ta ga dabbobi da yawa, kuma ya kai ta lungunan da a da sai mai niyyar kwana a daji ke isa.

Wannan nisan ne ke ƙarƙashin rigima mafi zafi, ta keɓaɓɓun dazuzzuka. A 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta ware wasu dazuzzuka inda ba titi, ba gini, ba mota, ba kowane irin abin hawa na inji ko na'ura. A lokacin keken tsauni bai ma zo duniya ba. Sai a shekarun 1970 ne wasu samari a gundumar Marin ta Kaliforniya, irin su Gary Fisher da Joe Breeze da Charlie Kelly, suka fara gangarowa daga tsaunuka a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya, har giris ɗin birkinsu na ƙonewa. Kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, abin ya bazu, a 1984 kuma Hukumar Gandun Daji ta fayyace cewa haramcin ya haɗa da keke. A kewayen Tahoe wannan ya rufe musu dazuzzukan Desolation da Granite Chief da Mount Rose. Turbar Pacific Crest, wadda ta haɗa hanya da Tahoe Rim na kusan kilomita 80, ita ma an hana keke a kanta tun 1988. Kusan rabin zagayen tafkin ne kawai ɗan keke zai iya bi.

Masu neman a sassauta suna cewa 'yan majalisar 1964 injin mota suke nufi, ba cinyar ɗan Adam ba, kuma suna tambaya: yaya za a bar ayarin dawakai masu kofaton ƙarfe su shiga, a hana keken da mutum ke iya ɗagawa da hannu ɗaya? Suna kuma da tabon da bai warke ba, domin duk lokacin da aka ayyana sabon keɓaɓɓen daji sukan rasa turbobin da suka daɗe suna hawa, kamar yadda ya faru a tsaunukan Boulder da White Clouds na Idaho a 2015. A 2017 ɗan majalisa Tom McClintock, wanda mazaɓarsa a lokacin ta haɗa da ɓangaren Kaliforniya na tafkin, ya kawo ƙudurin buɗe wa keke ƙofa. Ƙudurin ya tsallake kwamiti amma bai zama doka ba. Abin mamaki, babbar ƙungiyar mahaya keken tsauni, IMBA, ba ta mara masa baya ba, lamarin da ya raba kan 'yan keken kansu.

A wannan gaɓar ina tare da masu hani, ko da yake maganar doki tana da nauyi kuma ba su taɓa ba ta amsa mai gamsarwa ba. Dalilina shi ne girman daji ba a taswira kawai yake ba, yana cikin kwanakin da mutum zai yi kafin ya ratsa shi. Desolation, da tafkunansa ƙanana a cikin fararen duwatsu, ba shi da faɗi sosai. Tafiyar kwana biyu ko uku ce a ƙafa. A buɗe shi ga keke, ya koma yawon hantsi zuwa azahar. Doki aƙalla da saurin mutum yake tafiya a irin wannan hanya. Kuma ƙasa tana da ikon cewa wani wurin ba na kowane irin wasa ba ne. An ga haka a bakin tafkin nan: Cave Rock, dutsen da ƙabilar Washoe, mutanen wurin na asali, ke girmamawa, an hana masu wasan hawan dutse hawansa, suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da hanin a 2007. Ba don sun fi kowa ɓarna aka hana su ba.

Yanzu kuma kiɗa ya canza da zuwan keke mai batir. Nau'in da ake ta magana a kansa ba shi da totur. Sai ka taka feda injin ke ƙara maka ƙarfi, kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 32 a awa. Hukumar Gandun Daji tana lissafa shi cikin ababen hawa masu inji, don haka ba ya hawa turbar da ba a ayyana masa ba. A 2019 dajin tarayya na Tahoe, wanda ke arewa maso yammacin tafkin, ya buɗe masa wasu turbobi ba tare da bin matakan nazarin muhalli ba. Ƙungiyoyin mahaya doki da masu kare daji suka kai ƙara, hukumar ta janye, sannan ta dawo ta bi ƙa'ida ta buɗe wasu kaɗan.

Masu goyon baya suna kawo dattijon da gwiwa ta gaza, da mai ciwon zuciya, da matar da ke son ta bi mijinta hawa ba tare da an bar ta a baya ba. A tsayin da ya haura mita 2,000, inda iska ba ta cika huhu, wannan ba ƙaramar rahama ba ce, kuma mai ƙarfin cinya da ke raina su yana yi musu abin da masu ƙafa suka yi masa shekara arba'in. Amma batir ya rushe hujjar da 'yan keke suka daɗe suna dogara da ita, cewa su ma da ƙarfin jikinsu suke tafiya kamar kowa. Ga shi kuma ma'aikacin daji da ke tsaye nesa kaɗan ba zai iya bambance mai batir da marar batir ba, balle ya gane wanda aka kwance wa takunkumin gudu, tunda injin yanzu a cikin ƙarfen keken yake ɓoye.

Abin da ya fi damuna game da shi lissafi ne. Kafin mutum ya kai turbar Flume daga Tafkin Spooner sai ya yi kilomitoci yana hawa, ƙarshen hawan kuma tsaye yake har wasu kan sauka su tura. Wannan hawan ne, fiye da kowace doka da aka rubuta, ya daɗe yana taƙaita yawan masu isa sama. Batir ya cire shi. Wanda a da yake gangarowa sau ɗaya a yini yanzu zai iya sau uku, wanda kuma bai taɓa riƙe keke a bakin gangare ba zai tsinci kansa a can ranar farko. Tahoe kuwa tuni ta cika ta batse. A ƙarshen 2022 kamfanin jagorar matafiya na Fodor's ya sa ta cikin wuraren da ya shawarci mutane su ɗaga wa ƙafa saboda cunkoson motoci da jama'a. Idan za a buɗe wa batir, a fara da faffaɗan hanyoyin daji da turbobin da aka gina don gudu, irin na filin keke na Northstar, inda kowa ya san abin da ya zo yi kuma ba mai tafe da jika. Siraran da ke manne a jikin tsauni kuwa, a ƙirga masu bin su tukuna na 'yan shekaru, a ga ko za su ɗauki ƙari.